Na gama biyan Pragya amma har yanzu ƙarfe uku nake farkawa, wai menene 'yanci?

Mai Pragya, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, abu ne ya tsaya min a rai na rasa wanda zan gaya wa. Yau sati uku kenan da na kai wa mai keke kuɗin ƙarshe na wok an pe, wato a ba ka Pragya, keke mai ƙafa uku na haya, kana aiki kana biya har ya zama naka, shekara biyu da wata biyar ina biya, sidi 500 duk Juma'a, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ko zazzaɓi na kaɗa ni, har lokacin da aka hana mu shiga tsakiyar garin Kumasi a 2023 ciniki ya faɗi ban taɓa tsallake sati ba. Ranar da ya miƙo min takardu da ɗayan makullin wallahi hannuna rawa yake, na ce shikenan na zama ɗa, yau zan yi barcin da na daɗe ban yi ba. Toh jama'a har daren jiya ƙarfe uku daidai nake farkawa, ƙirjina na bugawa kaman an biyo ni, in lalubo wandona in fara ƙirga kuɗi cikin duhu don kar in tada maman yara, sai na yi nisa da ƙirga sannan in tuna ai babu wanda zan kai wa. Waya in ta yi ƙara ranar Juma'a gabana faɗuwa yake. Jiya 6 ga Maris na ɗauki 'yan makaranta masu zuwa maci, fararen safa, tuta a hannu, suna ta ihun indifenda, bikin 'yancin kan Ghana, a bayana, ni kuma ina tuƙi ina tambayar kaina wai shi 'yancin nan ina yake zama ne, a takarda ko a ina? Don takarda dai tana ƙarƙashin katifata. Manya ku taimaka min.

Ɗan Magazin:
Wa alaikumus salam. Da farko barka, Allah ya sa albarka a keken. Amma massa maganar gaskiya kuɗi ne 'yanci, duk sauran zance ne. Kana farkawa ne don jikinka ya san abin da kai kake so ka manta, bashin keke ya ƙare amma adbans ɗin ɗaki na zuwa, doka ta ce wata shida landlod ya ce shekara biyu ko ka kwashe kayanka, injin in ya buga gobe ni za ka kawo wa Magazin, unguwarmu ta makanikai, kuma ba kyauta zan gyara ba. Tara kuɗi kawai, ran da ka ga akwai na wata shida a ajiye za ka yi minshari har hantsi

Mai Pragya, Aboabo:
Na gode ɗan'uwa. Amma ai yanzu 500 ɗin nan aljihuna take shiga, na fi da samu nesa ba kusa ba, tsoron ne bai ragu ko kaɗan ba

Mma Hajiya mai yadi:
Allah sarki ɗana. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Ina zuwa, bari in sallami kwastoma

Tica, Asawase:
Wannan tambaya ta yi min daɗi, don Bahaushe ya riga ya ajiye rabin amsar a cikin kalmar kanta. Ku duba, kai da bakinka ka ce "na zama ɗa". 'Yanci daga 'ya ya fito, mutanen Nijar ma ɗiyauci suke cewa, daga ɗiya. Wato a wurin kakanninmu kishiyar bawa ita ce ɗa, mutum mai gida, mai dangi, wanda in ya yi laifi za a yi masa faɗa amma ba za a sayar da shi ba. Kun ga ke nan 'yanci a Hausa bai taɓa nufin ka zama ba ka da kowa a kanka ba, ɗa ma ai yana da uba. Abin da ɗa yake da shi shi ne zamansa a gidan bai dogara da abin da ya kawo yau ba.

Sannan akwai abin da ake kira murgu a ƙasar Hausa zamanin bauta. Ubangiji ya sallami bawa ya je ya yi sana'arsa, dako ko rini ko fatauci, amma duk lokacin da aka yanka sai ya kawo wani kaso. In ya yi sa'a aka yarda masa da fansa sai ya riƙa tarawa har ya sayi kansa. Ban ce wok an pe bauta ce ba, ciniki ne na halal kuma da yardarka ka shiga, amma yadda yake zama a jiki iri ɗaya ne, kana yawo a gari kaman mai 'yanci alhali kowace Juma'a tana jiranka. Turawa sun soke bauta a Gwalkwas, Ghana ta yau, a 1874, a Arewacin Najeriya sai 1936 aka kammala soke ta a doka, amma da yawa sun ci gaba da durƙusa wa gidan da suka fito shekara da shekaru. Alƙali na iya yanke igiya da rana ɗaya, shatin da ta bari a wuya kuwa sai a hankali.

Ɗan Magazin:
Tica ka iya magana wallahi, amma shatin igiya ba ya biyan kuɗin makaranta

Ustaz na Akwatia Line:
Assalamu alaikum. Malam Mai Pragya Allah ya yaye maka. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wadata ba yawan dukiya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Kuma ya ce bawan dinari ya taɓe, bawan dirhami ya taɓe. Ka lura da kalmar, bawa ya kira shi alhali mutumin ba a sayo shi a kasuwa ba. Duk abin da zuciyarka ta rataya a kansa, in an ba ka ka yi murna in an hana ka ka kasa barci, toh shi ne ubangidanka ko ka sani ko ba ka sani ba. Annabi Yusuf da aka matsa masa cewa ya yi kurkuku ya fi soyuwa gare shi da abin da ake kiransa zuwa gare shi, yana tsare amma ya fi matar da ta sa aka tsare shi 'yanci. Shawarata tunda ƙarfe uku kake tashi, lokaci ne mai daraja, ka ajiye wandon ka ɗauki buta, raka'a biyu, ka yawaita zikiri. Da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Ka ƙara tawakkali.

Ɗan Magazin:
Ustaz da girmanka, ni nan ne nake samun matsala. Duk lokacin da talaka ya yi kuka sai a ce masa wadatar zuci. Ƙarshen 2022 farashin kaya ya tashi sama da kashi 50 cikin ɗari, na ga magidanta a Magazin suna raba kwanon waakye ɗaya su biyu da rana, a ce musu me, zuciyarsu ce ba ta wadata ba? Mai kuɗi bai taɓa jin wannan wa'azin ba sai mu. Ni ina ganin wani lokacin maganar 'yancin zuciya hanya ce ta a ce mana mu yi shiru

Ustaz na Akwatia Line:
Ba ka yi laifi ba da ka faɗa, kuma akwai masu yin hakan, ban musa ba. Amma Annabin da ya faɗi wadatar zuci shi ne kuma yake neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da nauyin bashi, da rinjayen mazaje, a addu'a ɗaya ya haɗa su. Kuma ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Ka ga abinci na ciki, ba a ce a ci zikiri a ƙoshi ba. Abin da nake cewa shi wannan bawan Allah abincin yini yana da shi yanzu, saura amincin.

Anti Nos:
Salam. Ina kan aiki ne amma na kasa wucewa. Ustaz ka gafarce ni, kalmar "ka ƙara tawakkali" ita nake tsoro, ba don ƙarya ba ce, don yadda mara lafiya yake jin ta. Yana jin kaman an ce masa imaninsa ne ya yi rauni, sai ya ƙara kunya a kan damuwar, sai ya daina faɗa wa kowa. Ina ganinsu, mutum na sallar dare yana azumin Litinin da Alhamis kuma ƙirjinsa na bugawa hannunsa na gumi. Yaya Mai Pragya abin da ka lissafa, farkawa lokaci ɗaya kullum, bugun zuciya, faɗuwar gaba in waya ta yi ƙara, jiki ne da ya shekara biyu a tsaye kaman soja a bakin geti, ba a gaya masa an tashi daga aiki ba. Yana da suna a asibiti kuma ana maganinsa, sau da yawa ma da magana ce kawai ba ƙwaya ba. Ka zo a fara auna jininka tukuna don hawan jini ma na yin haka. Sannan ka gaya min gaskiya, ataya nawa kake sha da dare a bes, inda kuke jiran fasinja, da enaji dirink nawa a rana? Kuma don Allah duk wanda ya ce maka ka sha tramol ka samu barci ka guje shi, yaran da muke karɓa saboda shi sun isa.

Mutanenmu sun ɗauka sashen ƙwaƙwalwa na wanda ya yi tsirara a titi ne kawai, ko sai an kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang ko Ankaful. Tun 2012 Ghana ke da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, a 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka don an gane mai wannan hali magani yake buƙata ba kotu ba. Mu ne a Zango har yanzu muke rufe namu a ɗaki muna cewa aljanu.

Mai Pragya, Aboabo:
Anti enaji biyu wani lokacin uku, ataya kuma har zagaye na uku nake zama. Tramol wallahi ban taɓa ba

Anti Nos:
Toh ka ga wani ɓangare nan. Ka yanke na bayan la'asar tukuna

Ustaz na Akwatia Line:
Anti na karɓi gyara. Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma annabi ne, babu mai cewa imaninsa ya ragu. Ya je asibiti ya kuma riƙe buta, ba sa karo da juna.

Mma Hajiya mai yadi:
Na dawo. Ku maza kuna ta maganar mai keke da landlod, ni bari in gaya muku wanda ya fi su duka riƙe mutum a Zango, "me mutane za su ce". Bahaushe ya ce tsoro na daji kunya na gida. Ni yadi nake sayarwa shekara ashirin da wani abu, yayi, wato anko, shi ne cinikina, amma wallahi wani lokacin in mace ta zo karɓar yayin awure bashi sai in ji kaman ni ce nake ɗaure ta. Sati ɗaya awure biyu suna ɗaya, kowanne da nasa yadi, ga ɗinki ga gudummawa ga liƙi, mace tana sayar da koko da ƙosai tun asuba amma kuɗin susunta, wato adashinta, kaf a nan yake ƙarewa, kuma ba don tana so ba, don kar a ce ba a gan ta a hoto ba.

Ni kaina na yi wannan bautar. Shekarar da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, na fita takaba ba da daɗewa ba aka sa auren 'yar ƙawata, aka fitar da leshi mai tsada, ni ke sayar da yadi amma ba ni da kuɗin yanka wa kaina don jarin ya tafi a jinya. Na kwana uku ina saƙawa ina kwancewa, har na ɗauko 'yan kunnena na gwal na ɗaure a bakin zani zan kai. Da na zo ƙofar gida sai na ga ƙaramin ɗana zaune a dakali yana ɗaure takalmin makaranta da waya don ya tsinke. Na koma ciki na kwance 'yan kunnen na mayar. Ranar awure na sa tsohuwar atamfata mai ruwan ganye, wankakkiya gogaggiya, na tafi. Daga bakin layi zuwa kanofi bai fi taku hamsin ba amma ji na yi kaman ina tafiya Makka a ƙasa, duk ido a kaina nake gani. Na zauna. Aka kawo min abinci kaman kowa. Mutum biyu sun yi magana, na ji labari daga baya, ɗaya ma har yau muna gaisawa. Shikenan fa, abin da na shekara ashirin ina tsoro ke nan, maganar mata biyu. Daren nan na yi barci kaman jaririya. Tun daga ranar in ina da shi in yi, in babu in sa abin da ke akwati, kuma duk wadda ta zo karɓar yayi bashi sai na tambaye ta tsakaninta da Allah tana so ko tsoro take.

Anti Nos:
Mma wallahi kin sa ni hawaye a wurin aiki

Boga, Hambog:
Salam daga sanyi. Ɗan Magazin ni ne amsar maganarka. Na bar Kumasi ina cewa in na taka Turai na 'yantu. Agadas, sahara, Libiya, abin da na gani a can ba zan rubuta a gurup ba. Na shekara shida ba takarda, in na hango ɗan sanda a tashar jirgin ƙasa sai in sauya hanya, na ce toh ranar da takarda ta fito ita ce ranar. Ta fito. Yanzu ina da aiki ina da ɗaki, kuɗin wata shida da kake magana ina da fiye da shi. Amma wayata ce mai kekena, duk ƙarshen wata saƙo goma sha, wannan asibiti wannan suna wannan rufin ɗaki, kuma ban iya cewa babu ko da babun ce, don kar a ce boga, mazaunin Turai, ya manta gida. Na taɓa cin bashi a nan na tura aka yi shagalin da ban ma gani ba sai a sitatus. Har yau in na ga ɗan sanda sai na taɓa aljihu. Ban ce kuɗi ba komai ba ne, wanda ya ce haka bai taɓa kwana da yunwa ba. Amma da ya zo bai kawo abin da na aike shi ya sayo ba

Ɗan Magazin:
Boga na ji ka. Amma ka lura duk ku da kuke cewa kuɗi bai isa ba sai da kuka samu tukuna kuka faɗa. Ku bar mu mu samu mu ma mu gani da idonmu

Boga, Hambog:
Wannan gaskiya ne, Allah ya ba ka. Roƙona kawai kar ka jinginar da barcinka sai ranar

Tica, Asawase:
Maganar ku biyu ita ce maganar ƙasar nan ma. Nkrumah daga kurkukun James Fort ya ci zaɓe a 1951, a daren 6 ga Maris 1957 ya tsaya a Old Polo Ground cikin batakari ya ce Ghana ta 'yantu har abada. Wannan 'yanci na gaske ne, kar wani ya raina shi. Amma ba a rufa wata shida ba gwamnatin ta kori Alhaji Amadu Baba, babban jagoran Zangon Kumasin nan, zuwa Najeriya, da doka ta musamman da aka yi da sunansa. A 1958 aka kawo dokar tsare mutum har shekara biyar ba shari'a, J.B. Danquah a kurkukun Nsawam ya rasu a 1965. Mutanen da suka sha ɗauri su ne suka zo suna ɗaurewa, kuma ni a karatuna tsoro ne ya kai su, tsoron kar abin da suka samu ya kuɓuce. Mai tsoro ko ya hau kujera bai iya barin wani ya sake.

Admin:
Tica a yi hattara kar mu faɗa siyasa don Allah

Tica, Asawase:
Na tsaya Admin, tarihi ne kawai

Baba Alhaji mai goro:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take rubuta min, ni ina faɗa. Na saurari duk abin da kuka ce an karanta min. Yaro mai keke, labarinka ya tuna min da mahaifina.

A 1969 ina da shekara 14, watan Nuwamba gwamnatin Busia ta ba da sanarwa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin sati biyu. Ku ba ku ga Zango a wannan lokacin ba. Mutane na sayar da gida kuɗin akuya, manyan motoci cike da katifa da tukwane da yara a sama, wanda aka haifa a nan uwarsa ma a nan aka haife ta yana kuka zai tafi garin da bai taɓa gani ba. Ƙanin babana ya tafi, ba mu sake ganinsa ba sai a wasiƙa. Mu Allah ya sa babana ya samu takarda muka zauna. Amma a cikin sati biyun nan ya riga ya haɗa akwatin ƙarfe, baƙi mai zanen fure ja, ya sa riguna biyu, Alƙur'ani, takardunsa a cikin leda, da kuɗi ɗaure a tsumma, ya tura ƙarƙashin gado ta wajen ƙofa. Gwamnatin ta faɗi a 1972, wasu suka zo suka wuce, akwatin nan bai koma cikin ɗaki ba. Duk ƙarshen wata sai ya jawo shi ya buɗe ya duba ya mayar. Ya ƙi gina gida, in an ce Alhaji ga fili sai ya ce baƙo ba ya gini. Mutumin da ya yi shekara hamsin a Kumasi, Asantanci a bakinsa kaman ɗan Manhyia, fadar sarkin Asante. Da ya rasu muka buɗe, kuɗin ciki an daɗe da daina karɓarsu, asu ya cinye rigunan.

Babu wanda ya kore shi, amma a tsaye ya ƙare rayuwarsa da takalmi a ƙafa. Ni ma na gaji abin ban sani ba, ranar da na je yin Ghana Kad, katin ɗan ƙasa, yaron da bai kai jikana ba ya tambaye ni ina aka haifi kakana, wallahi bakina ya bushe kaman na yi sata, alhali a Aboabo aka yanke min cibiya. Da na dawo gida na daɗe zaune. A satin na sa aka fara zuba bulo a filin da na saya na bari shekara goma sha ɗaya ciyawa na ci.

Mu masu goro muna cewa rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Huhu in ka ɗaure ka ajiye ka ce ai nawa ne na biya, ba ka buɗewa, ba ka sauya ganye, ba ka yayyafa ruwa, ba ka tsince mai sankara, ranar da ka buɗe sai ka yi kuka. Kai shekara biyu ba ka buɗe naka ba. Gobe Juma'a, ranar da ka saba kai kuɗi. Kar ka fita da asuba. Ka karya da iyalinka a zaune, ka kai yara makaranta a keken da kanka, su ne fasinjan farko kuma kar ka yi sauri. Lokacin da ka saba zuwa gidan mai keke ka zo rumfata, ka san wurin, mu sha koko mu tafi masallaci tare.

Mma Hajiya mai yadi:
Allah ya jiƙan Baba. Alhaji mu ma gidanmu akwai irin akwatin nan, sai yau na gane ko na menene

Boga, Hambog:
Baba na karanta sau uku. Jakata tana saman wadirob tun ranar da na shigo ɗakin nan, ban taɓa kwashe ta duka ba

Mai Pragya, Aboabo:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Gaskiya da na karanta "kar ka fita da asuba" sai da cikina ya juya, kaina ya fara lissafin fasinjan safe na kasuwar Kejetia nawa zan rasa. Amma zan yi in sha Allah. Abu ɗaya ne ban faɗa ba tun farko, maman yara ba ta san ina wannan farkawar ba, kullum ce mata nake fitsari ne ya tashe ni

Anti Nos:
Ta sani yaya, mace na kwance kusa da kai sati uku kana ƙirga kuɗi a duhu? Jira take ka faɗa. Ka gaya mata yau

Ɗan Magazin:
Ni dai har yanzu ina kan bakata, a cikin 500 ɗin nan ka riƙa ware 200 kana sawa a Momo, asusun kuɗi na waya, wanda ba ka taɓawa, ranar da injin ya yi tari za ka gode min. Amma ka je wurin Baba. In ka tashi ka biyo ta Magazin in duba maka birki, wannan karon ba sai ka biya ba

Mai Pragya, Aboabo:
Jama'a barkanmu da Juma'a. Na gaya mata jiya bayan isha, ta ce tun daren farko take jina, tana yin kaman tana barci ne don kar in ji kunya. Yau ma na farka, uku da minti goma, ƙirjin ya buga kaman kullum ba zan yi ƙarya ba. Amma wandon ba ya kusa don ita ta ɗauke ta rataye a bayan ƙofa, sai na yi alwala na yi raka'a biyu na zauna a bakin gado, ita ma ta tashi muka yi ta hira ƙasa-ƙasa har aka kira sallah. Na kai yara makaranta, ƙaramar ta ce in bi ta babban titi don ƙawayenta su gan ta. Anti ranar Litinin ƙarfe nawa zan zo awon jinin? Baba ga ni nan tafe, in taho da ƙosai ko akwai?

Anti Nos:
Takwas, ka zo da katin inshora, kar ka sha enaji kafin ka zo

Baba Alhaji mai goro:
Akwai ƙosai. Ka taho da takardun keken in gani, in sa musu albarka.